Bahijja Da Kwamfutar Yayanta

Rungume da akwatin kwamfutar ta shigo shagon, kamar mai kawo mara lafiya asibiti. Ta naɗe shi da tsohon zanin atamfa. Tun daga Roni har Kazaure ba ta yarda direba ya sa shi a but ɗin mota ba, a cinyarta ya yi tafiyar.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin Jalaluddeen mai gyaran kwamfuta?"

Saurayin da ke sunkuye a kan tebur ya ɗago da sukudireba a hannunsa. Dogo ne, baƙi, da ɗan farin tabarau. Ya dube ta sau ɗaya, ya yi saurin mayar da idonsa ƙasa.

"Wa alaikumus salam, ni ne. Ajiye ta nan kar hannunki ya sage."

"Ba zan ajiye ba sai ka yi min alkawari. Kar ka jona ta da wuta sai ina tsaye."

Bai yi dariya ba, abin da ya fara kwantar mata da hankali ke nan. Ya janye wasu wayoyi, ya goge teburin da tsumma, ya ce, "Na yi alkawari."

Sunanta Bahijja, 'yar Malam Daudu, tsohon malamin firamare da ya koma noman gyaɗa a Roni. Kwamfutar ta yayanta ce, Muhammad Sani, shi ya harhaɗa ta da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. A daminar bara waccan wutar lantarki ta ja shi yana gyara waya a shagon maƙwabci, ko asibiti ba a kai da shi ba. Tun daga ranar Malam Daudu bai sake taɓa soket ba. Mahaifiyarta Inna Dela kuwa ko hadari ta gani sai ta bi ɗakuna tana kiran a kashe komai.

Da wannan kwamfutar Bahijja ke haɗa bidiyon biki. Matan Roni da Gwiwa har da na Babura gare ta suke kawo aiki, don ba sa son namiji ya zauna yana kallon su ba mayafi. Sai dai aikin ya yi wa kwamfutar nauyi. Kafin ta gama fitar da bidiyo ɗaya an ɗauke wuta, sai ta koma farko.

"Na gani a intanet wai ana ƙara mata gudu ba sai an sayi sabuwa ba," in ji ta. "Obakulokin suke cewa. Amma ina tsoro."

Jalal ya buɗe murfin, ya haska ciki da fitilar wayarsa, ya daɗe yana kallo.

"Allah ya jiƙan wanda ya haɗa wannan, ya san abin da yake yi. Firosesar, wato ƙwaƙwalwarta, irin wadda ba a kulle ba ce, tana karɓar ƙari. Irinta tana wuyar samu a nan."

"Za ta ƙone?"

"Idan aka yi gaggawa tana iya lalacewa. Gudu da zafi tare suke tafiya. Amma idan ana binta a hankali, takan nuna ta gaji kafin ta faɗi."

Ya busa ƙurar fankar, ya goge tsohon man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Da ya zo kunnawa sai ya tsaya, ya dube ta.

"Kina tsaye?"

"Ina tsaye."

Hotunan amare suka bayyana a fuskar kwamfutar. Nan take ya kawar da kai, ya miƙa mata linzamin kwamfutar, wato maus.

"Amanar mutane ce. Ke za ki riƙa dannawa, ni in riƙa faɗa."

A mota tana komawa gida, wannan maganar ce ta yi ta dawo mata.

Da yammacin ranar saƙonsa na farko ya shigo.

"Salam Malama Bahijja, Jalal ne. Da fatan kun isa lafiya ke da mara lafiyarki. Kafin ki taɓa komai, ki kwafe duk abin da kike so a wani wuri daban. Kar ki manta."

Ta kwafe aikin amare duka. Amma akwai jaka ɗaya, wato folda, a cikin kwamfutar da aka rubuta wa SANI, bidiyoyin da yayanta ya ɗauki kansa da mutanen gida. Tun rasuwarsa babu wanda ya iya buɗe ta. Ta kai linzami kanta, ta kasa buɗewa, ta janye. Ta rubuta masa, "Na kwafe."

Washegari da hantsi, wuta na nan, ta rufe ƙofar ɗakinta, ta kira shi a waya. Ya ce ta kunna ta yi ta danna maɓallin da ya nuna mata. Wani allo mai duhu ya fito, cike da lambobi.

"Wayyo, na ɓata ta!"

"Ba ki ɓata ba. Bayos ke nan, ɗakin da ake ba ta umarni. Nemi inda aka rubuta talatin da shida. Mayar da shi talatin da bakwai. Ɗaya tak."

"In taɓa na ƙasansa?"

"A'a! Wannan boltej ne, ƙarfin wutar da take sha. Ki bar shi yadda yake."

Jin kalmar wuta ya sa ta kauce wa wannan layin, ta mayar da lambar talatin da bakwai. Ta yi bisimilla, ta danna, ta rufe ido. Kwamfutar ta mutu, ta yi shiru.  Sai fanka ta motsa, haske ya dawo.

"Ta tashi! Malam Jalal, ta tashi!"

"Barka, Injiniya. Yanzu kunna manhajar gwaji, ki ba ta aiki mai nauyi, ki zuba wa zafinta ido. Idan ya doshi tamanin da biyar, ki tsayar."

Haka suka yi ta yi. A ƙara ɗaya, a gwada, a jira. Sannu a hankali saƙonnin suka fara wuce maganar zafi da gudu.

"Injiniyata, yau zafin nawa ne?"

"Saba'in da biyu, Malamina."

"Na kwamfuta na tambaya ko na fushin da kike yi don ban kira jiya ba?"

"Wancan ya wuce ɗari."

"Tuba nake, sanyin idona. Ki ba ni izini in zo in gaida Baba."

Ta daɗe riƙe da wayar. Farin ciki ya zo mata, tsoro ya biyo bayansa, don ta san mahaifinta.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Jalal ya zo Roni da kawunsa. Malam Daudu ya karɓe su a zaure da mutunci, aka kawo fura. Bahijja na maƙale a bayan ƙofa. Komai na tafiya daidai har aka zo kan sana'a.

Jalal ya ce, "Gyaran kwamfuta, Baba. Da haɗa sola."



"Wato wuta," in ji Malam Daudu a hankali. "Yaro, ban ga aibunka ba. Amma da hannuna na sa ɗana a kabari saboda wuta. Ba zan ba da 'yata inda kullum za ta zauna tana jiran a zo mata da labari ba. Ku yi haƙuri."

Da suka tafi ya kira ta. "Na hana wannan magana. Ga ɗan'uwanki Ashiru ya daɗe yana nema, hatsi yake sayarwa, hatsi bai taɓa kashe kowa ba. Ba zan tilasta miki ba, amma ki yi tunani."

Ashiru ɗan gwaggonta ne, a kasuwar Gwiwa yake da rumfa. Ya fara zuwa a kai a kai da sabon babur ɗinsa. Ba mugu ba ne, amma ya iya jefa magana inda za ta yi tsiro.

A lokacin bazara ta kankama. Ɗakin Bahijja na kwano ne, da rana kamar tanda. Zafin kwamfutar ya fara haurawa. Ta faɗa wa Jalal a saƙo, ya amsa nan da nan.

"Bahijjata, ki tsaya haka, kar ki ƙara ko ɗaya. Fankar nan ta yi mata kaɗan a wannan zafin. Ki aiko min da kwamfutar ta kwana biyu a shago in sa mata babba. Na roƙe ki, kar ki taɓa boltej."

Da yamma Ashiru ya zo, ya ga damuwa a fuskarta, ya yi ta tambaya har ta faɗa masa. Ya yi murmushi.

"Ta kwana a shago? Ƙanwata, ba ki san masu gyara ba. Ba ke kika ce min ya ce irin firosesarta tana wuyar samu ba? Ya ga an hana shi ke, zai fita da abin da ya samu. Ya cire ta marigayi ya sa miki ruɓaɓɓiya, yaya za a yi ki gane?"

"Yaya Ashiru, ba haka yake ba."

"To, Allah ya sa."

Ta ce ba haka yake ba, amma maganar ta shige ta. Da ta tuna yadda ya daɗe yana haska cikin akwatin ran farko, sai gabanta ya faɗi. Ta daina amsa kiransa.

"Sanyin idona, lafiya? Shirunki na ba ni tsoro."

"Bahijja, ko laifi na yi ki faɗa min."

Ta karanta, ta kife wayar.

Ana haka wata amarya daga Babura ta matsa mata, za a tafi da ita Kano kuma tana son bidiyonta kafin tafiya. Ran Talata da azahar wuta ta zo. Bahijja ta duba yawan aikin, ta san ba zai ƙare ba kafin a ɗauke. Ta ce a ranta, ai na iya, ba sai da shi ba.

Ta shiga bayos. Ta tsallake lamba da yawa lokaci guda. Sai ta tuna ta taɓa karanta cewa gudu mai yawa na son ƙarin wuta. Ta sauka kan boltej, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Ta danna.

Kwamfutar ta mutu. Fanka ta tashi da wani irin kuka da ba ta taɓa ji ba, ta tsaya, ta sake tashi, ta sake tsayawa. Allon baƙi ƙirin.

Ta kashe, ta kunna. Baƙi. Ta sake. Baƙi.

Ta sunkuya tana shinshina bayan akwatin, ba ta san ko ƙauri take ji ba ko tsoro ne ke mata gizo. Sai jakar nan ta faɗo mata a rai. Muryar Yaya Sani, dariyarsa, duk abin da ya rage nasa a duniya, kuma ba ta kwafe ba.

Ihun da ta yi ne ya kawo Inna Dela a guje, hannunta duk gari.

"Wuta ce? Bahijja, wuta ce ta ja ki?"

"Inna, na kashe ta. Yaya Sani na ciki."

Kafin la'asar Ashiru ya iso. A tsakar gida ya tsaya yana faɗa da ƙarfi. "Kawu, na faɗa! Yaron Kazauren nan ne ya koya mata yadda za ta ƙona ta, don ta kai masa ya kwashe kayan ciki."

Malam Daudu bai ɗaga murya ba. Fuskarsa ce ta yi wani iri, irin yadda ta yi ranar jana'iza. "Ban taɓa iya kallon hotunan nan ba," ya ce, "amma ina kwana da sanin suna nan. A kira min shi. Gobe a gaban mai unguwa zai yi bayani."

Bahijja ta shige ɗaki ba tare da ta faɗi gaskiyar abin da ya faru ba.

Da safe Jalal ya iso, shi kaɗai. Ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure gaban Malam Daudu da mai unguwa. Ashiru na gefe. Ta kafar ƙofa Bahijja ta ga Jalal ya rame.

"Kai ka sa ta wannan aiki?" in ji mai unguwa.

"Ni na koya mata, ranka ya daɗe. In da laifi, nawa ne."

 Bai ambaci saƙon da ya aiko ba.  Bahijja ba ta taɓa shiga zaure ana zaman maza ba, ba ta taɓa musa wa mahaifinta ba. Ta ja mayafinta, ta yi sallama, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ku gafarce ni. Ya hana ni. Ga shi a rubuce, har roƙona ya yi. Ni ce na ƙi ji, don an ce min ɓarawo ne, na kuma yarda."

Ta miƙa wayar da hannu biyu. Malam Daudu ya sa tabarau ya karanta, ya miƙa wa mai unguwa. Babu wanda ya dubi Ashiru, shi ma bai dubi kowa ba.

Kalmar ɓarawo ta daki Jalal, ta gani a fuskarsa. Ya haɗiye, ya ce, "Baba, a ba ni izini in duba. Sau da yawa ba mutuwa take yi ba, umarnin da aka ba ta ne ya fi ƙarfinta. Ba zan rantse ba, amma ina sa rai."

"Ba za ka taɓa wuta a gidana ba."

"Wannan gyaran sai an raba ta da wuta gaba ɗaya ake yin sa, Baba."

Aka shiga ɗakin. Inna Dela ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Wayar kwamfutar na jone a bango, kuma akwai wuta. Jalal ya matsa zai cire, Bahijja ma ta miƙa hannu.

"Ku tsaya!"

Malam Daudu ne. Ya dube su, ya dubi soket ɗin. Gumi ya tsatso masa a goshi.

"In za ta ja wani, ta ja ni."

"Malam!" in ji Inna Dela.

Ya tako a hankali, ya yi bisimilla, ya kashe makunnin, ya kama kan wayar, ya zare. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba.

Jalal ya ce Bahijja ta danna maɓallin kunnawa ta riƙe, don sauran wutar ciki ta fita. Ya buɗe murfin, ya koma gefe ya harɗe hannuwansa a baya.

"Ke za ki yi, don kowa ya gani. Kin ga wani ɗan batiri mai kama da kwabo? Shi ke riƙe mata umarni. Cire shi, za ta manta abin da kika faɗa mata."

Da farcenta ta ɓalle shi. Suka jira. Kurciya na kuka daga kan darbejiya. Da ya ce ta mayar, sai da batirin ya suɓuce mata sau biyu.

Malam Daudu da kansa ya mayar da wayar bango.

Bahijja ta danna. Fanka ta juya a hankali, yadda ta saba. Allon na nan baƙi. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai wata 'yar ƙara, ɗis, rubutu ya bayyana.

"Alhamdu lillahi," in ji mai unguwa.

Ba ta jira tsoro ya dawo ba. Ta kai linzami kan jakar, ta buɗe. Ga Muhammad Sani a gonar gyaɗa, hula a karkace, yana dariya. "Baba, ɗago mana a gan ka! Inna, kin ga Baba yana gudun kyamara!"

Inna Dela ta zube a ƙasa. Malam Daudu ya dafa bango, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Jalal ya sulale ya fita waje ya bar su. Ƙarar babur ɗin Ashiru kuwa tun ɗazu ta yi nisa.

Ranar Bahijja ta kwafe jakar a wuri biyu. Sannan ta ɗauki waya.

"Malamina, na zarge ka da abin da ba halinka ba. Ban san da wane ido zan dube ka ba."

Amsar ta daɗe, har Bahijja ta fara kuka.

"Ya yi min ciwo, Bahijja, ba zan ɓoye ba. Amma na ga yadda kika shigo zaure jikinki na rawa saboda ni. Ya wuce. Ki ci abinci, Injiniyata."

Malam Daudu bai sauko nan take ba. Sai wata rana ya shirya ya hau mota zuwa Kazaure bai faɗa wa kowa ba. Ya zauna a bencin shagon Jalal tun hantsi har azahar, yana kallon yadda yake kashe wuta kafin ya taɓa komai, yadda yake gwada waya kafin ya kama. Bahijja ta wuni tana leƙen hanya.

Da ya dawo ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya kira ta.

"Tsoron bai bar ni ba, kuma na san ba zai bar ni ba. Amma ajali ba a waya yake ba. Yaron nan yana da hankali, yana da kunya. Ki ce ya turo manyansa."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Daudu, ranar Asabar da hantsi. Mutanen Kazaure suka cika motoci, 'yan Gwiwa suka zo a kan babura, har Ashiru, wanda ya riƙe hannun ango ya nemi gafara. Amaren da Bahijja ta yi wa aiki suka zo da kwanukan alkaki da dubulan, suka cika tsakar gida da guɗa.

Da la'asar aka kai ta gaban mahaifinta yin sallama. Ta durƙusa tana kuka cikin lulluɓi. Ya ɗora hannu a kanta, ya sa aka kira Jalal, ya ɗora ɗayan a kafaɗarsa.

"Jalaluddeen, na rasa ɗa, Allah ya ba ni wani. Kullum ka tashi daga aiki, ka kira ni in ji muryarka. Ba don ina zarginka ba, don in iya runtsawa."

"In sha Allahu, Baba. Kullum."

"Allah ya yi muku albarka. Ya tsare ku daga abin da muke tsoro da wanda ba mu sani ba. Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Ku tashi ku je, na yafe muku duniya da lahira."

Gidan ya amsa da amin. Inna Dela ta kama hannun 'yarta ta kai ta har bakin mota, ta sa shi a cikin hannun gwaggon ango, sannan ta saki.